Layin da Ya Ci Fadamar Inna

Layina na gida ya mutu tun kafin mu shiga Dosso. Muna ƙetare iyaka ta Kamba ya soma turo mini saƙonni cikin Turanci, wai yana yi mini barka da shigowa wata ƙasa, ni kuwa har da murmushi, ina ganin kamfani ya san da zamana. Na kira matata Luba na ce mun ƙetare lafiya, ta miƙa wa Inna. Inna ba ta gama sa mini albarka ba kiran ya yanke. Na duba, katin da na sa a Gummi, wanda na ɗauka zai kai ni har inda za ni, ya ƙone ƙurmus. Wani da ke kusa da ni a mota ya yi dariya ya ce haka ake yi wa baƙo, layin gida a ƙasar mutane wuta ne.

Sunana Lawali, mutumin Gummi. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, tun ina saurayi nake bin fadamun bakin gulbi da jakar sifanoni. Da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noman rani sai aiki ya ja baya, sai wani abokina da ya dawo daga Mali ya ce a wuraren haƙar zinariya na can ana neman irina ruwa a jallo, domin ramuka cika suke yi da ruwa, injuna kuma kullum cikin lalacewa. Na bar Inna da Luba da ɗiyarmu ƙarama, da 'yar fadamar shinkafa da mahaifina ya bar mana, wadda ita ce cinmu ita ce suturarmu.

A Yamai ban damu da waya ba, don ba kwana za mu yi ba. A hanyar Burkina ne aka fara koya mini karatu. Wani shinge da muka tsaya, mai kakin da ya karɓi takardar tafiyata ya juya ta gaba ya juya ta baya, ya sa a aljihu, ya nuna mini benci. Na zauna, direba yana ta danna oda, fasinjoji suna harara ta kamar ni na kafa shingen. Ƙarshe dai yaron mota ya ce ko dai in bar takardar ko mota ta bar ni. Na bar ta. Na shiga Bamako ba ni da wata shaida sai katin zaɓe.

Abin da na fara nema a Bamako, kafin abinci ma, layi ne. Aka nuna mini shagon wani kamfanin waya, mai gilashi da sanyi a ciki. Na bi layi tun hantsi har azahar ta gota. Da na isa gaban yarinyar da ke teburin, ta ɗauki katin zaɓena da yatsu biyu kamar ta tsinci abin ƙyama, ta yi magana da Faransanci, ta tura mini shi, ta kira na bayana. Na tsaya ina nuna mata wayata, ina nuna kunnena, ina cewa Inna, Inna, kamar kurma. Mai gadi ya kama ni a gwiwar hannu ya fito da ni rana. Ban taɓa jin na zama ba kowa ba kamar wannan lokacin. Mutumin da ake aiko wa babur tun daga Bukkuyum a ɗauke shi gyara, yau shi ne ake ja kamar akuya.

Na koma tasha na zauna a gindin wata rumfa ina zagi cikin harshena, tunda ba mai ji. Ashe akwai mai ji.

"Kai, wanga baki na Zamfara na," in ji wani a bayana. "Ɗan wane gari?"

Na waiwaya. Dattijo ne mai furfura a gemu, farar riga tas, da carbi a hannu, yana zaune bayan wani akwatin gilashi cike da wayoyi da caja. Na ce Gummi.

"Allahu akbar! Ni Anka anka haihe ni. Taso, taso ɗana, zamna nan. Mi kaka nema?"

Wallahi ƙwalla sai da ta zo mini. Wanda bai taɓa kwana cikin mutanen da ba su jin maganarsa ba ba zai gane ba. Ya ce sunansa Alhaji Bawa, ya daɗe a Bamako, duk ɗan gida da ya sauka a tashar nan ta hannunsa yake bi. Ya aika aka sayo mini shinkafa da miyar gyaɗa. Ya tambaye ni ruwan bana, ya tambaye ni ko har yanzu ana kama manyan kifaye a gulbi. Da na ba shi labarin shagon gilashi ya girgiza kai.

"Ba su ba ka, ko ka shekara kana bin layi. Sai mai takardar ƙasa. Amma ni ina da ita. In yi maka da sunana, kai dai ka yi ta amfani da abinka."

Kafin la'asar ya kawo layi, ya sa mini a waya da hannunsa, ya sa mini data, ya mayar da manhajar da muke aika saƙon murya da ita kan sabuwar lambar. Ya ce in gwada. Na kira Luba, ta ɗauka da ihu. Na yi magana da Inna, na ce mata Allah ya haɗa ni da wani uba a nan, ɗan Anka, ya ciyar da ni ya yi mini layi. Inna ta ce in ba shi. Na miƙa masa wayar da hannuna. Ina tsaye ina ji yana cewa, "Inna, ki kwantar da hankalinki, Lawali shina hannuna. Abin da yas same shi ni yas sama." Ina jiyo muryar Inna tana zuba masa albarka, shi da zuriyarsa. Ya tambaye ta gona, ta ba shi labarin fadama, har da cewa bana shinkafa ta yi kyau. Yana ta cewa madalla.

Duk lokacin da na tuna wannan tsayuwa tawa, ina washe baki kusa da shi, sai in ji kamar in fasa wani abu.

Daga Bamako wata tsohuwar mota ta kwashe mu zuwa yamma, wajen iyakar Senegal, daga nan babur ya shiga da ni daji. Kafin in bar gari na gaya wa Luba cewa inda za ni an ce sabis wahala yake yi, in sun ji ni shiru kada su tsorata. Sansanin ba gari ba ne, rumfunan leda ne da ramuka da jar ƙasa, da mutane daga ko'ina, kowa da yarensa. Aiki kam akwai. Ranar da na sauka na tayar da wani inji da ya gagari mutane, nan take wani mai ramuka ya ɗauke ni, da sharaɗin sai an wanke ƙasa an sayar za a sallame ni. Abinci dai yana ba ni.

Sabis wuri ɗaya ake samunsa, kan wani tulin ƙasa da aka haƙo aka tara har ya zama tudu. Da yamma sai ka ga maza a kai cunkus, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Farkon zuwana na hau na samu, na aika wa Luba saƙon murya, ta amsa, har ɗiyata ta yi mini gwaranci. Bayan 'yan kwanaki na hau, wayata ba ko sanda ɗaya. Na kusa da ni yana ta hira da matarsa. Na kashe na kunna, na cire layin na goge shi da bakin riga na mayar. Shiru. Na nuna wa wani ɗan Nijar da muke gaisawa, ya ce wataƙila kamfanina ne ƙarfen sabis ɗinsu ya lalace, yakan faru, in yi haƙuri.

Na yi ta haƙuri. Kullum in na tashi aiki, hannuna baƙi da mai, sai in hau tudun nan in ɗaga waya har kafaɗata ta gaji. Na roƙi aron waya wajen mutum biyu, da suka ji Nijeriya zan kira kowa ya mayar da tasa aljihu, don kiran wata ƙasa cinye kati yake yi, ni kuma ba a sallame ni ba balle in saya musu. Na ce ba komai, ai na gaya musu a gida. Na riƙa kwantar wa kaina da hankali da wannan maganar har aka kusa wata biyu.

Akwai wata Bafulatana a sansanin, Penda, dattijuwa, tana da rumfar cajin waya da faifan sola, tana kuma sayar da nono in an kawo mata. Ni na tashi da Fulani maƙwabta, ina jin Fulatanci gwargwado, nata ya sha bamban da namu amma muna fahimtar juna. Ita kaɗai ce nake zama in yi hira da ita. Wata rana wani ɗanta ya kawo mata na'urar intanet irin mai kamawa daga sama, aka kafa a kan rumfar, ana sayar wa mutane lambar shiga. Ran da aka kunna, ta kira ni ta ce in kawo wayata, ni ba sai na biya ba, in gyara mata injin niƙanta in ya tashi lalacewa.

Ɗan nata ya haɗa ni. Na buɗe manhajar cikin murna. Sai wani rubutu ya fito ya tare fuskar wayar. Na miƙa masa, ya karanta, ya dube ni, ya gaya wa uwarsa, ita ta fassara mini. Wai lambar nan an buɗe ta a wata wayar daban. Ya ce ba ƙarfen kamfani ba ne ya lalace. Wanda sunansa ke kan layin ne ya je ya ce ya ɓata, aka ba shi sabo, nawa ya zama fanko.

Sai Alhaji Bawa ya faɗo mini a rai. Penda ta kwance wayarta daga bakin zane ta miƙo mini.

Na kira Luba. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Can aka ɗauka, layin yana ta sarƙewa, ba a jin murya sosai. Na ce, "Luba, ni na, Lawali."

"Allah ya isa tsakaninmu da ku," ta ce. "An gaya muna za ku kira. Mutum shina kwance rai hannun Allah, ku kuna neman abin da za ku ci. Ku ji tsoron Allah!" Ta kashe. Na sake kira, ta rufe wayar gaba ɗaya.

Matata ce ta ji muryata ta kira ni ɓarawo. Na zauna a ƙasa a gaban rumfar. Penda ta ce in yi tunani, ba wani a garinmu mai babbar waya da zai iya ganin fuskata? Sai na tuna Malam Garba, mai injin casar shinkafa a unguwarmu, wanda nake yi wa gyara, lambarsa tana cikin wayata. Ɗan Penda ya kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka yana cikin ƙura da ƙarar inji, ya kalli wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, sai ya yi salati da ƙarfi ya ce a kashe inji.

"Lawali? Kai na? Ka tashi?"

"In tashi daga ina, Malam? Lahiyata lau. Mi ya faru?"

Shi ya ba ni labari. Wai Alhaji Bawa ya kira gida da lambata, ya ce rami ya rufta da ni, an ciro ni da ƙyar, muƙamuƙina ya karye ba na iya magana, asibiti sun ce ba za su taɓa ni ba sai an ajiye kuɗi. Ya turo hoton wani mutum kwance an naɗe masa kai da fuska da bandeji. Ya ce shi ya riga ya sa abin da yake da shi. Ya kuma gargaɗe su cewa labari ya bazu a sansani, 'yan damfara za su kira da baƙin lambobi su kwaikwayi muryata, kada su saurari kowa sai wannan layin. Luba ta sayar da akuyoyinta da kwanukan ɗakinta aka tura ta wani asusu da ya bayar. Ya sake kira ya ce za a yi aiki na biyu.

"To sai mi?" na ce.

Malam Garba ya kawar da kai daga wayar. "Inna ta sai da hwadama, Lawali. Ni ina cikin shaidu. Da shinkafar a tsaye anka saye ta."

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane sun taru a kaina.

Malam Garba ya hau babur da wayar a aljihun gaba, bai kashe ba. Ina jin ƙarar hanya, ina jin yana gaisa da mutane a guje, ina jin sallamarsa a zauren gidanmu. Sai ga tsakar gidanmu a tafin hannuna, ga turmi, ga igiyar shanya. Luba ta leƙo ta saki ƙara ta durƙushe. Aka kai wa Inna, tana zaune kan tabarma, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta riƙe wayar nesa da ita, ta daɗe tana kallo.

"Buɗe bakinka," ta ce.

Na buɗe.

"Juya kanka. Wancan gehen kuma. Ɗaga hannuwanka in gani."

Na yi duk abin da ta ce, a tsakiyar sansani, maza suna kallona, hawaye na zuba. Da ta gama dubawa sai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta miƙa wa Malam Garba wayarsa ta juya ta fuskanci gabas. Ba ta ce mini komai game da fadama ba.

Ban jira an wanke ƙasa ba. Na je wajen mai ramuka na tsaya masa a ka har ya ba ni abin da ya ga dama, na kama hanyar Bamako. Duk tsawon tafiyar nan ba abin da nake gani sai farar rigar nan da carbi. Na ɗauka zan tarar ya gudu. Ina! Yana nan a inda na bar shi, bayan akwatin gilashinsa, ga wasu samari biyu zaune a bencinsa da jakunkunansu, suna cin shinkafa da miyar gyaɗa. Daga jin maganarsu 'yan gida ne, na wajen Gwashi.

Ya gan ni, ko gezau bai yi ba. "A'a, ɗana! Ka dawo?"

Na cakumi wuyan rigarsa na jawo shi ta kan akwatin, gilashin ya tarwatse. Na ce, "Ina hwadamar uwata? Kai da ta sa ma albarka! Ina hwadamarta?" Ya fara ihu da Bambaranci, nan da nan aka yanyame mu, aka ɓanɓare ni daga jikinsa. Masu kaki suka zo. Shi ya yi musu bayani da harshensu, yana nuna gilashi, yana nuna rigarsa da ta yage. Ni na yi nawa da Hausa, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Suka ce takarda. Ya ciro tasa, ni na ciro katin zaɓe. Da aka samu mai fassara na ce ya sace mini layi, sai babbansu ya tambaya layin da sunan wa yake. Na ce da sunansa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to mutum yana satar abinsa ne?

Ni aka rufe. Ni aka sa na biya gilashi da ɗan abin da na fito da shi daga daji. Abu ɗaya na samu a wannan rana: lokacin da ake jana, na waiwaya na ce wa samarin nan da iyakar muryata kada su bari ya taɓa musu waya, kada su haɗa shi da iyayensu. Na ga sun ajiye cokali sun ɗauki jakunkunansu. Da aka sake ni na koma tashar, rumfar tana nan, wani ne a ciki, ya ce Alhaji ya yi tafiya, bai san ranar dawowarsa ba.

Na koma daji don ba ni da fuskar da zan shiga Gummi da ita hannu wofi. Penda ta sa ɗanta ya yi mini layi, ta ce wannan karon in kai ɗan nata gaban kowa ya rantse ba zai cuce ni ba, na ce ba sai ya rantse ba. Na yi shekara da wani abu ina kwance injuna cikin laka. Duk ranar Juma'a Malam Garba yakan kai wa Inna waya ta gan ni, don ta ce ita ta daina yarda da murya.

Da na dawo gida na sami wanda ya sayi fadamar, na ce ya faɗi abin da yake so a kai. Ya ce shi bai saya don ya sayar ba, kuma ciniki ya yi shi da shaidu, bai cuci kowa ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo. Yanzu in injinsa ya lalace ni yake aika wa, in je in durƙusa a kan kunyar da mahaifina ya ɗaga da hannunsa in gyara masa, ya biya ni.

Na taɓa tayar wa Inna da maganar, na ce da ta jira, da ta tambayi ko mutum ɗaya kafin ta sayar. Tana tsince shinkafar da na auno a kasuwa, ba ta ko ɗago ba.

"An ce mani ɗana zai mutu in ban sai da ba," ta ce. "Na sai da, ga ka zamne kana yi mani gardama. Ni ban ga asara ba. Shi kuwa wancan, na bar shi da Allah, na yahe."

Ita ta yafe. Ni har yau ban yafe ba, kuma na gaya mata.